Ƙanƙarar da Grover Ya Gano

A cikin matasan birnin La Paz masu hawan tsauni, ba a taɓa yin wanda ya san duwatsu kamar Grover Limachi ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma ya sha faɗa.

Ƙungiyarsu ta intanet, wadda suke kira Igiya Ɗaya, tana da mutum ɗari huɗu da 'yan kai. A nan ake tambaya a ba da amsa: wace hanya ce ta toshe, ina ƙanƙara ta tsage bana, wane ƙulli ne ya fi riƙe mutum in ƙafarsa ta zame. Wanda ya dawo daga tsauni ya rubuta abin da ya gani, wanda zai tafi ya karanta. Grover kuwa ba ya jira sai ya dawo daga wani wuri. Daga kujerarsa a shagon buga takardu na kawunsa, inda taga ke kallon tsaunin Illimani, yake amsa kowace tambaya tun mai ita bai gama rubutawa ba. In wata ta ce yatsunta na daskarewa, Grover na da magani. In wani ya ce igiyarsa ta tsufa, Grover ya taɓa tsira da wadda ta fi ta tsufa, a Peru, cikin guguwa, da hannu ɗaya.

Kayan hawa kuwa yana da su har da na kyauta: hular kwano ja, gatarin ƙanƙara, igiya mai mita sittin, baƙin tabarau, da haƙoran ƙarfen nan da ake ɗaura wa takalmi don taka ƙanƙara. Komai sabo fil, yana ƙyalli. Abin da ya rage kawai shi ne ba wanda ya taɓa haɗuwa da shi a bisa tsauni. Duk ranar fita, ko gwiwa ta tashi, ko mura, ko kakarsa ba lafiya. Wilder Apaza, mai karatun likitan dabbobi, ya taɓa cewa kakar Grover ta kwanta asibiti sau tara a shekara guda, kuma ikon Allah, kullum ranar Asabar.

Ƙungiyar na da doka ɗaya da ba a wasa da ita: ba ka rubuta hanya sai wadda ka taka da ƙafarka. Wani zai karanta ya bi, in ƙarya ce ya mutu. Wanda aka kama ya ƙirƙiro hanya, a cire shi, ba roƙo ba dawowa.

To, da sanyin Yuli ya kama, don a can lokacin ne hunturu, aka fara maganar wanda zai jagoranci sababbin shiga zuwa fitarsu ta farko a kan ƙanƙara. Grover ya ga cewa wannan riga shi aka ɗinka wa. Sai dai ana so mutum ya nuna abin da ya taɓa yi. Ran Talata da rana, yana cin abinci da hannun hagu, ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam na tsaunin Jankopata, inda kowa ke shan tafiyar awa shida kafin ya taɓa ƙanƙara. Yana jan hoton da yatsa sai ya hango, can ƙasa ta gefen gabas, wani farin fili shimfiɗe, fari tas, kusa da ƙarshen hanyar mota. Mutum ɗari huɗu, ba wanda ya gani sai shi! Ya ja jan layi daga tashar mota zuwa farin filin, ya sa wa layin suna Hanyar Limachi, ya tura.

"Awa biyu kacal zuwa ƙanƙara," ya rubuta. "Na bi ta sau uku. Na ɓoye ta ne don kada a cika wurin da hayaniya, amma saboda ƙannenmu sababbi, ga ta kyauta."

Ba a yi minti biyar ba Nayra Ticona ta amsa. Ita ce ke riƙe da ƙungiyar, ita ke shigarwa ita ke cirewa, kuma mahaifinta ya yi shekara talatin yana ɗaukar wa masu hawa kaya a kwarin Jankopata.

"Na nuna wa Baba," ta rubuta. "Ya ce tun yana yaro ba ƙanƙara a gabas da Jankopata."

"Ki gaishe da Baba," in ji Grover. "Ki tambaye shi tauraron ɗan'adam nawa yake da shi a zamaninsu."

"Ya ce ƙafa biyu yake da su, kuma duka biyun sun je wurin."

"Ƙanwata, ilimi ya ci gaba. Ni ba na musu da tarihi."

Wilder ya shigo: "Kyaftin, a cikin sau ukun nan, ba ka ɗauki hoto ko ɗaya ba?"

"Mai hawa na gaskiya hannunsa na kan gatari, ba kan waya ba."

"Shi ya sa ka yi saƙo dubu uku bana."

Aka yi ta zuba dariya a ƙasa. Yatsun Grover suka riga hankalinsa. Ya rubuta cewa ran Asabar mai zuwa zai bi Hanyar Limachi a gaban kowa, kai-tsaye, Nayra ta riƙe waya ta zama shaida. In ya taka ƙanƙara, jagoranci nasa ne.

"In babu fa?" in ji Nayra.

"Ki cire ni da hannunki."

"Yaya jikin Kaka?" Wilder ya tambaya. "Don mu sani tun yanzu."

Grover ya kife waya ya koma kan abincinsa.

Ran Asabar da hantsi ƙaramar bas ta sauke su a ƙarshen hanya. Nayra ta sauko da 'yar jakar goyo da gorar shayi. Grover ya sauko, sannan direba da fasinja biyu suka taru suka sauko masa da jakarsa daga saman mota. Da ya goya ta, sai da ya yi taku uku da baya kafin ya sami na gaba.

Wani tsoho mai jakuna da ake kira Don Rosendo yana zaune a kan katanga yana taunar ganyen koka, goron mutanen wurin. Ya dubi jakar, ya dubi mai ita.

"Saurayi, ƙaura za ka yi? Ga jaki."

"Na gode, Baba. Ni ne jakin kaina."

"Na gani."

Grover ya matso da wayarsa, don bai iya ganin tsoho bai ƙara masa ilimi ba. "Shekara nawa kana kai mutane ta doguwar hanya? Dubi nan. Awa biyu. Daga yau sana'arku ta canza."

Don Rosendo ya kanne ido ɗaya ya bi jan layin har ƙarshensa. Ya daina tauna. Ya dubi Nayra. Sai ya sauko daga katanga ya kwance jakinsa.

"Na ce ba na bukata," in ji Grover.

"Ba kai zan ɗauka ba, ɗana. Kallo zan je. Irin wannan ba kullum ake samu ba."

Nayra ta kunna waya. Mutum tamanin sun riga sun hallara. Grover ya gyara hular kwano, ya ɗaga gatari sama, ya yi musu jawabin minti goma a kan ladabin tsauni da muhimmancin ƙanƙan da kai. Sannan aka kama hanya, shi a gaba, Nayra a tsakiya, Don Rosendo da jaki a baya.

Abu na farko a taswirarsa shi ne abin da ya rubuta wa "shimfiɗaɗɗen koren fili, tafiya kamar a kan darduma." Filin yana nan kuwa, kore shar. Nayra ta ratsa ta gefe tana bin duwatsu. Jaki ma ya ratsa ta gefe.

"Ku lura," in ji Grover yana kallon waya. "Wanda bai sani ba shi ke kewaye. Gwani kai-tsaye yake yi."

Taku na huɗu dardumar ta buɗe baki ta haɗiye shi har gwiwa. Ruwan fadamar tsauni ne, wanda ya kwana yana daskarewa. Grover ya yi wata ƙara da ba ta cikin littafin hawa ko ɗaya. Ya ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara nutsewa. Ya ja ta hagu, jakar ta rinjaye shi ya zauna daɓas.

"Wilder na tambaya," in ji Nayra, murya ba ko rawa, "wai a sau ukun farko ma nan ka yi wanka?"

"Gaya masa gwaji nake yi! Dole jagora ya auna zurfin wuri kafin ya kawo yara!"

"Ya ce nawa ka samu?"

Don Rosendo ya miƙa masa igiyar jaki. Grover ya ce ba ya bukata, ya ƙara minti biyu yana iyo a zaune, sannan ya kama, ya bayyana wa masu kallo cewa yana so ne ya nuna musu yadda ake ceto da dabba. Jakin ya ja, fadama ta sake shi da wani sauti marar ladabi.

Masu kallo suka kai ɗari da hamsin.

Abu na biyu a taswira shi ne "katangar dutse mai haɗari, sai da igiya." Da suka iso, katangar ta tsaya wa Nayra a ƙirji. Duwatsu ne aka jera bisa juna, ba laka ba siminti, ga kuma ƙofar itace a gefe, taku ashirin.

"Ga ƙofa can," in ji Nayra.

"Hanyar Limachi ba ta bi ta ƙofa ba."

Ya sauke jaka, ya warware igiya duk mita sittin ɗin, ya ɗaura a ƙugu, ya yi wani ƙulli da ya ce wani tsohon gwani ya koya masa a Peru, ya jefa ɗaya bakin ya maƙale a dutsen da ke saman katangar. Ya tofa yawu a tafi. Ya jingina da baya da dukan nauyinsa.

Dutsen ya taho. Na ƙasansa ya biyo shi, na ƙasan wannan ma bai ga dalilin zama ba. Kafin ƙura ta lafa an sami sabuwar ƙofa a katangar, Grover na kwance a gabanta, igiya ta naɗe shi kamar ƙunshin kasuwa. Ta cikin giɓin wani dogon wuya ya leƙo, da jan zare a kunnuwa. Lama ce, dabbar kiwo mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, uwar garke, ga wasu goma sha wani abu a bayanta suna jiran su ga abin da za ta yanke.

"Kada kowa ya motsa," in ji Grover daga ƙasa. "Na san halinsu. Ido za ka kafa mata, ta san kai ne babba."

Ya kafa mata ido. Ta kwantar da kunnuwa, ta tattaro abin da ta ci tun jiya, ta watsa masa a tsakiyar fuska, kore, mai ɗumi, mai warin da ya sa jaki kansa ya juya baya. Sannan ta tsallake shi ta fita, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowace na ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tsallake kashi.

"Ta san babba," in ji Don Rosendo.

"Wilder ya ce a matsayinsa na likitan dabbobi," in ji Nayra, "lafiyar lamar ƙalau."

Sai da Nayra da tsohon suka kora garken suka mayar, suka jera duwatsun yadda za su iya, Grover yana gefe yana goge fuska da safar hannu yana bayyana wa mutum ɗari biyu da talatin cewa a wasu ƙasashe ana ɗaukar wannan alamar sa'a.

Daga nan hanya ta yi sauƙi, sauƙin da ya fara damun kowa ban da jagora. Suka wuce gonar da aka girbe. Suka wuce filin ƙwallo mai raga ɗaya. Wasu mata biyu masu faɗin siket suka zo suka wuce su da takalman roba, suna kaɗi suna hira, suka gaida Don Rosendo, ya faɗa musu wata magana da yarensu na Aymara, suka dubi hular kwano, suka fasa inda za su suka biyo baya. Can wani mai keke ya biyo. Can wasu maza uku da kare.

"Grover," in ji Nayra, "sabis ɗina ya cika taf. Ka taɓa ganin ƙanƙarar tsauni mai sabis?"

"Iska ce ke kawo shi daga birni. Sanannen abu ne."

"Ga kuma kaji."

"Kajin tsauni ne."

Suka hau wani ɗan tudu, sai Grover ya tsaya cak. Ga shi can ƙasa, bayan wani rafi: farin fili, fari tas, yana ƙyalli a rana har yana kashe ido. Duk laka, duk wari, duk dariyar Wilder, yanzu za a biya shi.

"Nuna musu!" ya ce. "Nuna musu, 'yar mai ƙafa biyu! Ki ce wa Baba ya zo ya gani!"

Ya zube jaka, ya zauna ya ɗaura haƙoran ƙarfe, na dama a hagu na hagu a dama, ya kwance ya sake. Ya sa baƙin tabarau, wanda numfashinsa ya rufe da hazo nan take. Ya ɗauki gatari. Nayra kuwa ta kare ido da hannu tana duban filin, ta ga bambaro shimfiɗe a ƙarƙashin farin, ta ga buhuna jingine a gefe.

"Grover, tsaya. Tsaya, na ce! Ba ƙanƙara ba ce, abincin mutane ne!"

"Hassada ga mai rabo taki!" ya ce, ya gangara a guje, yana tafiya kamar agwagwa.

Tunta ce. Farin dankalin nan da ake bari sanyi ya daskare shi, a jiƙa shi a rafi wata guda, a tattake da ƙafa a fitar da ruwa da ɓawo, sannan a shanya a rana har ya yi fari kamar alli, ya shekara goma bai lalace ba. Grover ya ci ta a miya tun yana goye. Bai dai taɓa tambayar inda take kwana kafin ta shiga tukunya ba. Ta dukan ƙauyen ce aka shanya wuri ɗaya, kamar kowace shekara a wannan filin, inda tauraron ɗan'adam ya ɗauke ta bara.

Ya taka. Ƙurus. Ya sake takawa. Ƙurus, ƙurus.

A taku na shida wani abu ya gaya masa cewa ƙanƙara ba ta gangarawa ƙarƙashin ƙafa kamar ƙwai. Ya ɗaga tabarau kaɗan ya leƙa. Ya gani. Ya gane. Ya waiga tudu, ya ga wayar Nayra na kallonsa da ido ɗari uku, ga rabin ƙauye a bayanta. Ya mayar da tabarau. Tabarmar kunya, da hauka ake naɗe ta.

"'Yan'uwa!" ya ɗaga murya. "Yau kun yi sa'a! Wannan ita ce ƙanƙarar dunƙule. Ba kasafai ake samunta ba. Sau ɗaya na taɓa ganinta, a Peru. Iska ce ke mulmula ta ɗaya-ɗaya!"

"Wilder ya ce ka ɗebo masa kilo biyu," Nayra ta ƙwala tana gangarowa, "mamarsa za ta yi miya! Fito daga nan, Grover!"

Ya ci gaba, don tsayawa amsa laifi ne. Amma tsakiyar filin ba ta gama bushewa ba, kuma kowane haƙori na ƙarfe, goma sha biyu a kowace ƙafa, ya soki rabonsa ya riƙe. Dankali ya hau kan dankali. Grover ya fara tsawo. Ya yi tangaɗi hagu, ya yi dama, ƙafafu suka tafi gaba suka bar shi, ya faɗi rigingine ya fara sulalewa a kan dunƙulallun zuwa rafi. Nan ya tuna darasin da ya koya wa mutane sau hamsin: in ka zame, juya ka kafa gatari. Ya juya ya kafa da dukan ƙarfinsa. Gatarin ya shige cikin buhu cikakke, ya farke shi daga wuya har gindi, tunta ta zubo masa a ka ta binne shi har kafaɗa.

Wani abu ya yi ƙara a iska ya daki hular kwano, ƙwal!

"Faɗuwar duwatsu!" Grover ya yi ihu. "Kowa ya kare kansa!"

Ƙwal! Na biyu.

Doña Eusebia ce, wadda rabin shanyar nan nata ne, tana tahowa daga bakin rafi da majajjawar da take korar karnuka, tsohuwa gajera mai kitso biyu har ƙugu. Ta tsaya a kansa tana huci.

"Ɗan wa ne wannan? Wa ya saki wannan?"

"Mama, ki yi haƙuri, ki ja baya, wurin nan na da haɗari ga wanda bai da horo..."

"Haɗari? Wata biyu! Wata biyu ina kwana da sanyi ina tashi da sanyi, hannuna ya tsage a ruwan nan, kai ka zo da ƙusoshi a ƙafa kana mini rawa a kai? Uwarka ba ta dafa abinci ne? A gidanku da takalmi ake shiga tukunya?"

"Bincike ne na kimiyya, Mama. Tauraron ɗan'adam ya nuna..."

"Tauraron ya ce ka taka? Kira shi ya zo ya tsince!"

Ta juya kan Nayra. "Ke kuma mai waya, mijinki ne?"

"Allah ya kiyaye, Mama."

"To kin yi arziki."

Aka jawo shi waje ta ƙafa, aka zaunar da shi a kan dutse, ƙafafun a miƙe, kowace ɗauke da dankali kamar tsiren kasuwa. Matan nan biyu suka tsuguna suna cirewa suna nuna wa juna ramukan. Shugaban ƙauye ya iso da bulalarsa ta sarauta rataye a kafaɗa, ya zaga filin a hankali, ya bi sawun tun daga farko har inda buhu ya fashe, ya dawo. Don Rosendo ya ƙara masa da labarin katanga, don kada a yi shari'a biyu.

Grover ya laluba aljihu zai ciro kuɗi. Shugaban ya ɗaga hannu.

"Mayar. Ba a cin takardar kuɗi a watan Fabrairu, in rumbu ya ƙare. Abin da ƙafa ta ɓata, ƙafa ke gyarawa." Ya nuna wani tuli a inuwar katanga, lulluɓe da bambaro, wanda aka tsamo daga rafi jiya ya kwana a sanyi. "Ga wancan yana jiran masu tattakewa. Ka gama shi, gobe ka ɗora katanga, sai ka tafi."

"Da wane takalmin?"

Filin gaba ɗaya ya fashe da dariya, har kare ya yi haushi.

"Cire," in ji Doña Eusebia. "Har safa."

Aka yaye bambaro. Grover ya ɗora tafin ƙafarsa, fari, mai laushi, wanda bai taɓa taka abin da ya fi tabarmar wanka tauri ba. Sanyin ya soke shi daga diddige har haƙori. Ya yi tsalle ya sauka da ɗaya, ya yi tsalle ya sauka da ɗayar.

"Da diddige, ragon banza! Murza! Jikata mai shekara shida ta fi ka!"

Ya murza. Ruwan sanyi ya fito ta tsakanin yatsunsa. Hawaye suka zubo masa, ya ce iska ce. Bayan minti goma ƙafafun suka daina jin komai, kuma da zafin ya tafi sai bakin ya dawo. Ya dubi wayar da ke hannun Nayra. Mutum ɗari uku da casa'in. Bai taɓa tara jama'a haka ba.

"Ku lura da kyau, 'yan'uwa," ya ce yana haki. "Wannan shi ne sirrin da ban taɓa faɗa muku ba. Haka manyan masu hawa ke horar da ƙafa kafin babban tsauni. Da gangan na biyo da ku nan. Duk wanda zai bi ni fitar sababbi, dole ya fara da..."

"Grover," in ji Nayra. "Tambaya ɗaya, a gaban kowa. Ka taɓa bin hanyar nan kafin yau?"

"Ya danganta da abin da kike nufi da bi."

"Da ƙafa."

"Ƙanwata, akwai tafiyar ƙafa, akwai tafiyar ilimi..."

"Da an ba ka jagoranci, da sababbi goma sha biyu ka kai cikin fadamar can."

Ta juya wayar, ta danna sau biyu ta cire shi daga ƙungiyar, ta sa a aljihu. A cikin jakar Grover, can kan tudu, tasa wayar ta yi 'yar ƙara ɗaya ta yi shiru. Nayra ta gaida Doña Eusebia, ta ba ta haƙuri, ta zuba mata shayi daga gora, sannan ta goya jakarta.

"Bas ta ƙarshe ƙarfe huɗu," ta ce wa Don Rosendo. "Ta ina ya fi kusa?"

"Ta titi mana, 'yata. Minti ashirin. Ga shi can bayan makaranta."

Grover ya bi su da kallo har suka sha kwana. Ya duba dama, ya duba hagu. Masu kallo sun watse, kowa ya koma aikinsa. Saura Doña Eusebia a zaune kan buhu, majajjawa a cinya, tana kurɓar shayi.

Ya gyara murya. "Mama, kin san a Peru ba haka suke tattakewa ba? Akwai wata dabara da zan iya koya..."

Ta ajiye kofi, ta sunkuya ta zaɓi dutse.

Grover ya murza da diddige.